Kafin ka yarda a yi wa kwamfutar makaranta formataj

A ofisoshin makarantunmu, gara da yoyon damina aka sani da cin takardu. A ƴan shekarun nan kuwa na ga abin da ya fi su ɓarna, kuma kalma ce guda: formataj. Kwamfuta ta ƙi tashi da safe, a ɗora ta a kan moto a kai wa mai gyara, ya kunna ya kashe sau biyu, ya ce sai an yi mata formataj, wato a share duk abin da ke cikin faifanta a sake zuba mata manhaja. Da marece a maido ta tana aiki, kowa ya yi hamdala. Sai bayan kwana biyu a tuna cewa jerin sunayen ɗalibai, da makin jarrabawa, da takardun shaidar karatu na shekaru da dama duk a cikinta suke, kuma babu su a wani wuri.

Ni malamin lissafi ne a wata CEG a Maradi. Makullin ɗakin kwamfutoci ya faɗo hannuna ne don an ga ina da haƙurin zama da su, kuma abin da na sani a kansu a gabansu na koye shi. Yau ina so in yi wa ƴan uwana malamai da iyayen yara bayanin cuta guda ɗaya daga cikin cututtukan da ke kai kwamfuta ga formataj, wato ƙin tashi bayan an sabunta karnel. Na zaɓe ta ne don tana da ban tsoro a ido, alhali maganinta sau da yawa bai wuce minti talatin ba, kuma ba ya cin ko dala.

Yawancin kwamfutocin da ke ɗakinmu tsofaffi ne, irin waɗanda wasu ofisoshi suka gama moriyarsu suka ba makarantu. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana neman wani ɗan guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 wanda da yawa daga tsofaffin injuna ba su da shi. Shi ya sa makarantu da ƙungiyoyi masu ba da kyautar kwamfuta suke karkata ga Linux, musamman Ubuntu da danginta. Kyauta ake samunta, ba ta da nauyi a kan tsohon inji, kuma bugu mai dogon tallafi yana fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kamar 22.04 da 24.04, kowanne da sabuntawar tsaro ta shekara biyar. Ke nan duk wanda ke hulɗa da makaranta zai ƙara cin karo da ita, ko ya so ko bai so ba.

To mene ne karnel? Da Faransanci ana ce masa noyau, wato ƙwallon da ke tsakiyar ɗan itace, kamar na dabino ko na mangwaro. Shi ne sashen manhaja da ke magana kai tsaye da ƙarfen injin: shi ke raba ƙwaƙwalwa tsakanin ayyuka, shi ke karanta faifai, shi ke jin maɓallin da ka danna ya kai saƙon inda ya dace. Duk wata manhaja da kake gani a allo, ta rubutu ko ta lissafi, sai ta bi ta hannunsa. Wani ɗalibi ɗan shekara 21 mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta karnel ɗin Linux a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991. Yau dubban mutane ke aiki a kansa, sabon bugu na fitowa duk bayan mako tara ko goma, kuma shi ne ke cikin kowace waya mai Android. Uban da ya ce bai taɓa taɓa Linux ba, to tana cikin aljihunsa.

Domin a gane cutar, sai an san yadda kwamfuta ke tashi, domin ba a tashi ɗaya take yi ba. Hawa huɗu ne, kowane yana miƙa wa na gaba. Da ka danna maɓallin wuta, wata ƙaramar manhaja da ke manne a jikin injin, wadda ake kira BIOS a tsofaffi ko UEFI a sababbi, ita ke fara farkawa. Ta duba ƙwaƙwalwa da faifai, ta nemo mai tayarwa. Mai tayarwar a Ubuntu sunansa GRUB, kuma yana riƙe da jerin karnel ɗin da ke cikin injin. Ya ɗauki na saman jerin, wanda yawanci shi ne mafi sabunta, ya ɗora shi a ƙwaƙwalwa tare da wata ƴar jaka mai suna initramfs. A cikin jakar nan akwai kayan da karnel ke bukata don ya gane irin faifan da ke gabansa ya buɗe shi. Sai faifan ya buɗu sannan sauran tsarin ya tashi, har ka ga wurin rubuta kalmar sirri.

Yadda nake kwatanta wa ɗalibaina shi ne: faifai rumbu ne, karnel shi ne mai tsaron rumbun, initramfs kuma jakar makullansa ce. Kowane karnel da tasa jakar, ta wani ba ta yi wa wani. Idan an sabunta karnel, an kawo sabon mai tsaro ke nan, sai kuma a ɗinka masa sabuwar jaka nan take a cikin injin. Idan wani abu ya katse ɗinkin, gobe da safe sabon mai tsaro zai iso ƙofar rumbu hannu rabbana, ya tsaya cik. Hatsin da ke ciki ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓu ba. Wanda ya yi formataj a wannan hali, rumbun ya cinna wa wuta don makulli ya ɓace. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, mu kuma a makaranta tokar ba ta da kasuwa.

Abin ya faru da mu a ƙarshen wani watan Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ke zuwa tana komawa ba sallama. An gama jarrabawar ƙarshen shekara, malamai sun kawo maki, sakatarenmu ya kwashe kwana goma yana shigar da su aji bayan aji a kwamfutar ofishin darakta. Da waɗannan makin za a fitar da moyan ɗin shekara, da shi kuma za a san wanda ya wuce aji da wanda zai maimaita. Wata rana da marece saƙo ya fito cewa akwai sabuntawa, ya danna amincewa kamar yadda aka saba, ana cikin yi wuta ta ɗauke. Washegari aka kunna, sai baƙin allo cike da ƙananan rubutu, ba gaba ba baya.

Da aka aiko yaro ya kira ni daga aji, na tarar an riga an buga wa mai gyara waya, ya ce a kawo ta da jika biyar, kafin la'asar an gama. Darakta na tsaye hannu a ƙugu, sakatare kuwa gumi ya jiƙa masa riga, don wasu malaman sun riga sun mayar wa yara takardunsu, wani ma ya yi tafiya. Darakta ya ce, “Malam, in da abin da za ka iya, bismillah. In babu, kada mu ɓata lokaci, ranar Asabar za mu zauna a kan makin nan.” Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni rabin awa. In ban iya ba, a kai ta, amma da sharaɗin kada a share komai sai an kwashe abin da ke ciki.”

Abu na farko da na yi shi ne karanta abin da ke allon. Mutum huɗu sun tsaya a gabansa tun safe, babu wanda ya karanta, don rubutun da Ingilishi yake kuma kamanninsa kaɗai na sa gaba ya faɗi. Can kusa da ƙasa akwai wannan layi:

Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)

Ma'anarsa da Hausa: karnel ya tsaya don ya kasa buɗe babban ɓangaren faifai, bai ma gane inda yake ba. Layin ya gaya mini abu biyu. Na ɗaya, hawa biyu na farko lafiyarsu ƙalau, tunda har an kai ga karnel. Na biyu, a wurin buɗe faifai aka tsaya, wurin da jakar makullai ke aiki. Na ɗauki hoton allon da waya, sannan na tambayi sakatare abin da ya faru na ƙarshe kafin ta mutu. Da farko ya yi nauyin baki, yana zaton laifi ake nema a ɗora masa. Na ce masa, “Ɗan uwa, abin da injin ya nema ka yi masa, kai ba ka ɗauke wuta ba. Gaya mini kawai yadda aka yi.” Da ya ambaci sabuntawa da ɗaukewar wuta, zancen ya haɗu da abin da ke rubuce.

Ga sirrin da ya kamata kowane mai riƙe da Ubuntu ya sani: idan aka kawo sabon karnel, ba a korar tsohon nan take. Yana nan da jakarsa, GRUB ne kawai ke ɓoye jerin don kada ya dami mutane. Na kashe injin na sake kunnawa, na danne maɓallin Shift tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. A injuna masu UEFI, Esc ake dannawa, sau ɗaya ko biyu, don in aka yi ta dannawa sai a zarce jerin a faɗa wani baƙin allo. Jerin ya fito. Na sauka layi na biyu, inda aka rubuta Options avancées pour Ubuntu, a wasu injunan kuma Advanced options for Ubuntu. A ciki kowane karnel yana da layi biyu, ɗaya na tashi kamar kullum, ɗaya mai alamar recovery mode. Na bar na sama mai babbar lamba, na zaɓi mai ƙaramar lamba wanda ba shi da waccan alamar, na danna Entrée. Ba a yi minti ɗaya ba wurin kalmar sirri ya bayyana. Sakatare ya zauna a kujera ya rufe fuska da tafin hannu.

A nan ne ake son a danne zumuɗi. Kafin in gyara komai, na karɓi kile biyu na kwafe duk fayil ɗin maki a kowanne, na buɗe su a wata kwamfutar na tabbata suna karantuwa, na miƙa ɗaya ga darakta ya sa a aljihu. Daga wannan lokaci duk abin da zai faru da injin, zaman ranar Asabar ya tsira. Wanda ya fara gyara kafin ya kwashe kaya, caca yake yi da dukiyar da ba tasa ba.

Sannan na buɗe tarminal, wato tagar da ake rubuta umarni, na yi tambayoyi uku. Umarnin uname -r ya nuna lambar karnel ɗin da nake kai, ya tabbatar tsohon ne. Umarnin df -h /boot ya nuna ko wurin da ake ajiye karnel ya cika, na ga da sauran fili. Umarnin ls -lh /boot kuma ya jero abin da ke wurin: fayil biyu masu farawa da vmlinuz, wato karnel biyu, amma mai farawa da initrd.img guda ɗaya tak, na tsohon. Zato ya zama tabbas, sabon ba shi da jaka. Na rubuta:

sudo dpkg --configure -a

Wannan yana cewa injin ya ƙarasa duk wani aikin sakawa da aka bari a rabi. Rubutu ya yi ta gudu, har na ga layin da ke cewa ana haɗa initrd.img mai lambar sabon karnel. Inda bai haɗu da kansa ba, da sai in bi da sudo apt -f install, sannan sudo update-initramfs -c -k tare da lambar sabon karnel ɗin kamar yadda take a rubuce a jikin vmlinuz, ba ragi ba ƙari. Na rufe da sudo update-grub don a sabunta jerin, na sake duba /boot na ga jaka biyu, sannan na kashe na kunna ba tare da na taɓa Shift ba. Ta tashi da sabon karnel. Ban tsaya nan ba, sai da na gwada na'urar buga takardu da intanet, don wani lokaci injin kan tashi amma wani abu a jikinsa ya daina aiki. Na koma aji kafin a kaɗa ƙararrawa.

Ba kullum cutar ke zuwa da wannan fuska ba. Daga baya na ci karo da danginta uku a ɗakin kwamfutoci. Akwai injin da wanda ya haɗa shi tun farko ya ware wa /boot ɗan ƙaramin ɓangare, tsofaffin karnel suka taru suka cika shi, sabuwar jaka ta rasa wurin zama. Saƙon allon iri ɗaya ne, amma df ya nuna 100%. Maganinsa a tashi da tsohon karnel, a rage tarin da sudo apt autoremove --purge, a karanta jerin abin da zai cire kafin a amince, sannan a ƙarasa sakawar. Akwai wanda ke tsayawa a baƙin allo da sunan BusyBox a sama da kalmar initramfs a cikin baka biyu tana jiran umarni. Wannan jakarsa na nan, tsarin faifan ne ɗaukewar wuta ta hargitsa, kuma in ka karanta sama kaɗan yakan faɗi sunan ɓangaren da ke son a bi shi da fsck, kamar /dev/sda2. Akwai kuma wanda ke tashi amma allon ya yi baƙi ƙirin ba rubutu ko ɗaya, saboda sabon karnel bai jitu da na'urar hoton injin ba. Wannan a zauna a kan tsohon karnel har wata sabuntawar ta zo da gyara.

Idan kuma babu karnel ɗin da ya tashi ko ɗaya, har yanzu ba a kai ga formataj ba. Kilen da aka saka Ubuntu da shi yana iya tayar da injin ba tare da ya taɓa faifan ba, in aka zaɓi gwadawa maimakon sakawa. Daga nan ana ganin fayilolin da ke ciki kamar yadda ake ganin na kowane kile, a kwashe su. Iyakar wannan duka ita ce faifan da ya lalace a jikinsa, irin wanda ke ƙara ƙas-ƙas ko yake ta jero saƙon I/O error. Shi kam a daina kunna shi barkatai, a kwashe abin da ya samu tun yana amsawa, a nemi wani.

Ba ina cewa masu gyara mugaye ba ne. Mai gyara yana da injuna biyar a kan tebur, mai kaya na tsaye a kansa yana cewa yau yake so, kuɗin aikin kuma ɗaya ne ko ya yi awa uku yana bincike ko ya share cikin minti arba'in. Da yawansu a kan Windows suka koyi sana'a, Linux baƙuwa ce a wurinsu. Akwai ma lokacin da sake zuba manhaja shi ne daidai. Abin da ke kanmu mu masu kaya shi ne mu faɗa da bakinmu, tun kafin mu sauke injin daga moto, cewa akwai takardu a ciki kuma ba mu yarda a share ba sai an kwafe mana su mun gani da idonmu. Mai gyara na kirki ba zai ƙi ba, ko da zai ƙara ɗan kuɗi.

Wani abokin aikina da ya ji labarin ya ce, to ai sai a daina sabuntawar gaba ɗaya a huta. Ban yarda da shi ba. Yawancin sabuntawar karnel toshe ɓarakar tsaro suke yi, kuma injin da ke riƙe da sunayen ƴaƴan mutane da ranakun haihuwarsu, yana kuma hawa intanet, bai kamata a bar shi a buɗe ba. Abin da ake zaɓa shi ne lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya: makon jarrabawa da makon haɗa maki ba na sabuntawa ba ne. A yi ta da safe, bayan an kwafe takardu, a injin da ke haɗe da ondiler mai riƙe wuta na ƴan mintoci, ko mai batir a jikinsa. In injuna da yawa ne, a fara da guda ɗaya, a kashe a kunna a gani, sannan a bi sauran. Kuma kada wani mai son tsabta ya goge tsohon karnel don ya ga kamar tarkace ne, sai sabon ya yi kwanaki yana aiki lafiya.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan matsalar talakawa ce masu tsofaffin injuna. A ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura sabuntawa mai aibi ga manhajarsa da ke aiki a matakin karnel ɗin Windows. Bisa ƙiyasin Microsoft, injuna kusan miliyan 8.5 ne suka faɗi suka kasa tashi. An soke dubban tashin jiragen sama, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna a ƙasashe da dama. Maganin da aka bayar tun ranar shi ne a tayar da kowane inji ta hanyar gaggawa ta Windows, a goge fayil ɗaya, a sake kunnawa. Manyan injiniyoyin duniya sun kwana suna bin injuna ɗaya bayan ɗaya da irin matakan da muka bi a ofishin darakta: me aka canza na ƙarshe, ta ina za a shiga ba tare da shi ba, yaya za a cire shi.

Da aka dawo hutu, na mayar da abin darasi. Na zaɓi inji ɗaya a ɗakin kwamfutoci wanda babu takardar kowa a ciki, na sauya wa jakar sabon karnel ɗinsa suna da gangan, na kira ƴan turwaziyam na ce ya ƙi tashi, su gano dalili. Maza uku suka rufa a kansa suna ta kashewa da kunnawa. Wani ya ce bairos ne, wani ya ce zafi ne, wani kuma, kamar yadda ya ji manya na faɗa, ya ce sai formataj. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗauki alli ta kwafe layin da ke allon a kan allon bango, harafi bayan harafi, ta ce, “Mushe, wannan kalmar Unable mun yi ta a darasin Ingilishi, kasawa ce. Me ya kasa yi?” Na ce, “Ɗiyata, tambayar ke nan. Ku bi ta.” Suka rarraba kalmomin, suka koma zanen hawa huɗu da ke littafinsu, suka yi gardama a kan hawan da aka tsaya. Kafin awa ta cika sun shiga jerin GRUB da kansu sun tayar da injin.

Abin da suka yi a wannan awa shi ne abin da nake fama in koya musu a lissafi shekara da shekaru: karanta tambaya kafin ka fara amsa, ware abin da ka sani da abin da kake zato, canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, sannan ka gwada amsarka. A takarda suna ganin wannan kamar tsirfar malami ce. A gaban injin da ya ƙi tashi kuwa, sun ga wanda ya yi ta danne-danne bai kai ko'ina ba, wadda ta tsaya ta karanta ita ta buɗe hanya. Sun kuma ga amfanin Ingilishin da suke raina wa, tunda saƙonnin karnel da shi suke fitowa ko da an saita injin da Faransanci.

Iyaye, ga naku kason. Da yawanku kun yi tanadi na watanni kun saya wa ɗa ko ɗiya kwamfuta ta hannu, musamman waɗanda suka shiga lise ko jami'a. Ranar da ta ƙi tashi, abin da ke fara fitowa daga baki shi ne “me ka yi mata?”, da muryar da ke sa yaro ya rantse bai taɓa komai ba. Da ya rantse kuwa, an rasa bayanin da ya fi kowane amfani wajen gyara. Ku sassauta murya ku yi masa tambaya uku: me aka rubuta a allon, me ya faru na ƙarshe kafin ta tsaya, kuma ina kwafin aikinka yake? Ba sai kun san kwamfuta ba kafin ku yi waɗannan tambayoyin. In za a kai ta gyara, ku bar yaron ya tafi tare da ita ya tsaya ya ga abin da ake yi.

Ga waɗanda ke cikin kwamitin COGES ko ƙungiyar iyayen ɗalibai kuma, a zamanku na gaba ku tambayi darakta inda kwafin makin ƴaƴanku yake in kwamfutar ofis ta mutu yau. In amsar ita ce babu, ku ware kuɗin kile biyu da ondiler ɗaya kafin a yi maganar fenti. A sa ranar Juma'a ta zama ranar kwafe takardu, kile ɗaya ya kwana a makaranta, ɗaya a gidan darakta. A samu malami ɗaya da ɗalibai biyu ko uku da za su koyi shiga jerin GRUB, don kada ilimin ya tafi da mutum guda ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Mu a ofishinmu mun manna takarda a bango kusa da injin, da Hausa da Faransanci, mai layi huɗu: ɗauki hoton allon, tambayi abin da aka yi na ƙarshe, gwada tsohon karnel, kwashe takardu kafin gyara. Duk makarantar da ke so ta kwafa, ta ƙara da lambar wayar malamin da za a kira a ƙasan takardar.